Mu'azzam da Malam Shiru

Wani mutum ne a ajinmu ana ce masa Mu'azzam. To amma kada ka ce masa Mu'azzam kawai, ba zai juyo ba. Sai ka ce Dokta. Idan kuma sauri kake yi, ka ce Dokta Mu'azzam na Turai, nan take za ka ga wuya ya juyo.

Mu goma sha takwas ne a ajin, kuma dukanmu a ƙasashen waje muka karanto likita. Wasu Masar, wasu Sudan, wasu Indiya. Kowa ya dawo da takardarsa mai hatimi kamar faifai, amma takardar nan ba ta ba ka damar taɓa ko mai mura a ƙasar nan, sai ka ci jarrabawar lasisi. Shi ya sa muka taru a Zariya wurin Dokta Kubura, wata tsohuwar likita da ta yi ritaya ta mayar da ɗakunan bayan gidanta makaranta, tana shirya irinmu.

Bari in faɗi gaskiya tun yanzu, don kada a ce na yi son kai. Yawancinmu mun san littafi. Tambaye mu sunan ƙaramar jijiyar da ke bayan kunne, za mu ba ka har da ta maƙwabciyarta. Abin da ba mu sani ba shi ne mutum. Ni dai inda na yi karatu, majinyata ba sa jin yarena, ni ma nasu sama-sama nake ji, don haka rabin abin da na koya a jikin mutum-mutumin roba na koya. Mu sauran mun san da wannan, muna jin kunyarsa. Mu'azzam ne kaɗai bai san yana da abin jin kunya ba.

Shi a wata ƙasa ya yi karatu inda ya ce ruwa na daskarewa a cikin famfo. Farar rigar likitoci ba ta barin jikinsa. Abin sauraron ƙirjin nan kuwa a wuya yake kwana. Da shi yake zuwa sayen tsire, da shi yake hawa acaɓa. Akwai ranar da muka je sallar azahar, ya tafi sujada, abin ya bugi siminti, ƙwal. Liman da kansa sai da ya yi gyaran murya.

Lokacin hutu muna zama ƙarƙashin mangwaro muna cin gyaɗa, shi kuma yana ba mu labari ko mun tambaya ko ba mu tambaya ba.

"Ku ba ku ga aiki ba," in ji shi. "Ni da hannun nan na riƙe zuciyar mutum tana bugawa. Zuciya huɗu a rana ɗaya."

Rumaisa, wadda ta yi karatu a Sudan, ba ta barin ta kwana. Ta ce, "Makon jiya biyu ka ce."

"Biyu da safe, biyu da yamma."

"Kuma duk masu zuciyoyin sun rayu?"

"Har yau suna aiko mini da gaisuwa. Ranar da zan taho, farfesanmu kuka ya yi a filin jirgi. Ya riƙe jakata, sai da 'yan sanda suka ba shi haƙuri."

Rumaisa ta ce, "Allah sarki. Ko dai ka tafi masa da wani abu ne a jakar?"

Ko a jikinsa. Ya ɓare gyaɗa ya ci gaba.

Ita kuwa Dokta Kubura magana ɗaya gare ta, kullum ita ce, har mun haddace. Gajeriyar mace ce, tabarau a ƙarshen hanci, ba ta ɗaga murya. Takan ce, "Kafin ka taɓa mutum, ka yi sallama. Ka faɗi sunanka. Ka tambayi nasa. Ka nemi izini. Ka wanke hannu. A jarrabawa akwai makin kowane ɗaya, a asibiti kuma akwai mari."

Mu'azzam ya ɗaga hannu. "Dokta, a can lokaci rai ne. Kafin a gama ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya zafi, ai mutum ya riga ya tafi."

Ta dube shi ta saman tabarau. "To ka gaishe shi da sauri."

Wata rana ta kawo mana wata tsohuwa mai tari, ta ce Mu'azzam ya duba ta. Ya tsaya a kanta, hannu a aljihu.

"Ina hoton ƙirjinta?"

"Babu."

"Sakamakon jini?"

"Babu."

"To me zan duba?"

Dokta Kubura ta ce, "Ita."

Tsohuwar ta yi ta kallonsa tana jiran ya ce mata sannu. Har aka tashi bai ce ba. Da za ta fita na ji tana tambayar Rumaisa ko likitan nan kurma ne, don ta yi masa addu'a.

To, ga inda maganar take. Mu'azzam yana da kawu, Kawu Ilu, yayan mahaifiyarsa. Dattijo ne mai shago a Tudun Wada, bakin titi, ƙofa biyu, har da famfo a baya. Shekara guda ke nan shagon yana kulle, Kawu Ilu ya ajiye wa ɗan ƙanwarsa don ya buɗe ɗan asibiti. Wani tela mai suna Garzali kuma ya kafa masa ƙahon zuƙa, safe da yamma yana zuwa gaisuwa yana leƙen shagon. Shi Kawu ya gaji da jira, kuma abu ɗaya yana ci masa rai: tun da yaron ya dawo daga waje bai taɓa durƙusawa ya gaishe shi ba, sai dai ya ɗaga masa yatsu biyu daga nesa kamar mai tsayar da mota. Don haka ya yanke magana. Ya ce shi bai san Turai ba, amma ya san Kubura, ita ta karɓi haihuwar 'ya'yansa shida. Idan Kubura ta ce yaro ya shirya, makulli nasa ne. Idan ta ce da saura, Garzali ya kawo kekunansa.

Mu'azzam da bakinsa ya ba mu wannan labarin, yana dariya. Har ya sa an rubuta allo, ya nuna mana hotonsa a waya. Sunansa ya cinye allon gaba ɗaya, kalmar asibiti tana can ƙasa a takure.

Ana nan sai Dokta Kubura ta sa ranar jarrabawar gwaji, irin wadda za mu tarar a ta gaske. Ta raba mu rukuni biyu, na safe da na yamma. Ɗakuna biyar a jere. Kowane ɗaki akwai takarda manne a ƙofa da ke gaya maka abin da za ka yi a ciki. Ka karanta, ka shiga, minti biyar, a kaɗa ƙararrawa, ka wuce na gaba. A wani ɗakin za ka tarar da mutum na gaske da aka koya masa ciwon da zai ce yana yi. A wani kuma za ka tarar da Malam Shiru.

Malam Shiru mutum-mutumin roba ne, wanda muke koyon danna ƙirji da hura numfashi a kansa, irin taimakon da ake yi wa wanda zuciyarsa ta tsaya. Tsawonsa tsawon mutum. Dokta Kubura ba ta son ganinsa tsirara, don haka ta sa masa tsohon kaftanin maigidanta, kuma kullum akan kifa masa hula a fuska don kada ƙura ta shiga bakinsa. Idan ka danna ƙirjinsa daidai, wani ƙarfe a ciki yakan ce ƙyas.

Saura kwana huɗu, Dokta Kubura ta fita amsa waya ta bar littafinta a buɗe a kan tebur. Ni na ga Mu'azzam ya je wucewa, ya tsaya gyara igiyar takalmi. Takalmin nan ba shi da igiya.

Da yamma ya ja ni gefe. "Safiyanu, kai mutumin kirki ne, amma na safe ne kai, abin ba zai amfane ka ba. Rukunin yamma, ɗaki na uku, Malam Shiru ne. Kuma ita da kanta za ta zauna a ɗakin."

Na ce, "To sauran ɗakuna huɗun fa?"

"Ƙananan likitoci ne a ciki, wa ya damu da su? Ita Kawu zai tambaya. Minti biyar ta ba mu ko? A cikin minti ɗaya zan gama. Za ta ga abin da ba ta taɓa gani ba tun da ta fara aiki."

Wannan kam ya faɗi gaskiya.

Daga ranar, duk lokacin da muka fita cin gyaɗa, shi sai ya zame ya shiga ɗakin ajiya wurin Malam Shiru. Muna daga ƙarƙashin mangwaro muna jin ƙyas, ƙyas, ƙyas, kamar ana sassaƙa turmi. Ana gobe jarrabawa sai muka ji ƙyas, ƙyas, sannan wani irin ƙarau. Can sai ga shi ya fito yana share gumi.

Rumaisa ta ce, "Me ya karye?"

"Babu abin da ya karye. Haka yake yi idan ya ji hannun da ya iya."

Ranar jarrabawa, mu na safe muka gama, kowa ya fito jiki a sanyaye. Na yamma kuma aka tara su a ɗaki guda, aka karɓe wayoyinsu, aka rufe ƙofa. Ni aka ba ni ƙararrawa da agogo, aka ce in zauna a ɗaki na uku tare da Dokta Kubura. Muka je ɗauko Malam Shiru. Muna ɗaga shi ƙirjin ya lotsa ciki kamar tsohuwar katifa, wani ƙarfe ya faɗo ta hannun kaftani.

Dokta Kubura ta ɗauki ƙarfen ta juya shi. Ba ta tambayi kowa ba. Ta ce, "A mayar da shi, Allah ya ji ƙansa."

Muna cikin tunanin abin da za a sa a ɗakin sai muka ji sallama a tsakar gida, doguwa, mai cika kunne. Kawu Ilu ne. Ya sha farin kaftani da hula, yana ɗingishi kaɗan. Ya ce zuwa ya yi ya ji sakamako da kunnensa, don Garzali ya hana shi sakat. Har makullin ya taho da shi, ya ciro ya nuna mana, wani ƙato mai haƙora uku, ya mayar aljihun gaba.

Suka gaisa da Dokta Kubura, gaisuwar da ta ci kusan minti biyar ɗin da ake ba mu. Sannan ta dubi ƙafarsa.

"Yaya Ilu, gwiwar nan har yanzu?"

"Har yanzu, Kubura. Idan na durƙusa sai an ɗago ni."

"To ka taimake ni. Ka kwanta a gadon nan, yara su zo su tambaye ka labarinta. Abin da ke damunka za ka faɗa, ba ƙari. Sharaɗi ɗaya ne: kada ka ce uffan sai an yi maka sallama. Duk wanda bai gaishe ka ba, ka yi masa shiru."

Kawu Ilu ya ce, "Wannan ai ba sai an roƙe ni ba."

Ta cire takardar ƙofa, ta rubuta sabuwa, na manna da hannuna. Kawu ya cire takalmi ya hau gado ya miƙe. Aka fara.

Ta farko ta shigo, ta yi sallama, Kawu ya amsa har da tambayar mutanen gida. Na biyu haka. Na uku ma har shawara Kawu ya ba shi a kan aure. Kafin a zo na shida an ɗauke wuta, fanka ta tsaya, ɗakin ya yi duhu-duhu, ga zafi. Kawu da ma ya ci tuwon rana kafin ya fito. A ɗan tsakanin da ake jira, sai ya zame hularsa ya kifa a fuska, ya ɗora hannaye a gefe, ya yi lamo.

Na kaɗa ƙararrawa.

Ƙa'ida ita ce ka tsaya a ƙofa ka karanta takarda. Muna jin takun kowa yana tsayawa. Wannan takun bai tsaya ba. Ƙofa ta buɗe, bam, sai ga Mu'azzam, farar riga tana tashi a bayansa. Bai dubi Dokta Kubura ba, bai dube ni ba, bai dubi bokitin wanke hannu ba. Ya hango kaftani, ya hango hula a kan fuska. Taku biyu ya yi, na uku a kan gado ya sauka da gwiwa. Ya haɗa hannaye, ya sa a tsakiyar ƙirji, ya saki nauyinsa gaba ɗaya, yana ƙirga da ƙarfi cikin yaren mutanen can.

Kawu Ilu ya ce, "Hik."

Dokta Kubura ta ce, "Tsaya."

Ina, ƙirgansa ya rufe muryarta. Ya sake dannawa.

"Hik."

Mu'azzam ya waiwayo yana murmushi, hannu bai daina aiki ba. "An sayo sabo ashe. Mai sauti. Irin namu na can ke nan."

Ƙararrawa tana hannuna amma na manta amfaninta. Shi kuma Kawu, bawan Allah, an ce kada ya yi magana sai an gaishe shi, ga shi kuma ko ya so yin maganar babu iskar da zai yi ta da ita. Ƙafafunsa ne kawai suke harbawa.

"Har da motsin ƙafa," in ji Mu'azzam. "Dokta, wannan mai tsada ne."

Sai ya koma wajen kai don hura numfashi. Ya tura hannu ƙarƙashin hula ya toshe hanci da yatsu biyu, ɗaya hannun ya kama haɓa. Nan ya ɗan dakata.

"Har gemu suka sa masa."

Ya cika kumatu da iska, ya ture hular, ya sunkuya.

Tas.

Ban taɓa jin mari mai tsabta irin wannan ba. Na ɗaki na biyu da na huɗu duk sun ji, har wani ya zaci ƙararrawa ce ya fito. Abin sauraron ƙirjin ya bar wuyan Mu'azzam a karo na farko tun da na san shi, ya tafi ƙarƙashin tebur.

Kawu Ilu ya tashi zaune, yana tari, yana riƙe da ƙirji, idanu jajur. Mu'azzam ya sauko daga gado a hankali, hannu a kunci. Ya dubi fuskar, ya ƙara dubawa. Na ga lokacin da ya gane ta. Ƙofa kuma ta cika da 'yan aji, Rumaisa a gaba.

To kai ka ce a nan zai yi shiru. Ba ka san Mu'azzam ba. Ya gyara wuyan riga, ya juya wajen Dokta Kubura.

"Kin dai gani da idonki. Na shigo ba ya motsi, ba ya magana. Daƙiƙa ashirin, ga shi zaune."

Dokta Kubura ta tura tabarau sama. "Safiyanu, karanta masa takardar ƙofa."

Na ɓamɓaro ta na karanta. "Dattijo ne mai shekara sittin da takwas, yana fama da ciwon gwiwa. Ka gaishe shi, ka ji tarihin ciwonsa."

Ta juya wajen gado. "Yaya Ilu, yaya gwiwar?"

Kawu ya ja numfashi da ƙyar. "Gwiwa ta yi sauƙi, Kubura. Yanzu ƙirji ne."

Ta je ta yi masa sannu, ta nemi izini, ta wanke hannu, ta buɗe maɓallan kaftani ta lalluba haƙarƙarinsa ɗaya bayan ɗaya. Allah ya taƙaita, babu wanda ya karye. Sai dai a gefen hagu, daidai inda aljihu yake, ga hoton makulli nan ya fito raɗau a fata, da kansa da haƙoransa uku. Ko maƙeri ya gani zai iya yanka wani.

Kawu ya sunkuya ya daɗe yana kallon wurin. Sannan ya ciro makullin daga aljihu, ya riƙe shi a tafin hannu.

"Kawo maka shi na yi," ya ce. "Ka buga mini shi a ƙirji."

"Kawu, ai ni..."

"Kubura, ya shirya?"

Dokta Kubura ta dubi takardar makin da ke hannunta. Ina kusa, na gani. Layi goma ne, babu abin da ta rubuta a ko ɗaya. Ta ce, "Da saura."

Kawu ya mayar da makulli, wannan karon a aljihun gefe. Ya dube ni. "Ɗana, kana da waya? Kira mini Garzali tela, ka ce ya kawo kekunansa gobe da safe. Ka ce akwai wani allo ma, ya juya bayansa ya rubuta sunansa."

Sai a lokacin Mu'azzam ya durƙusa. Gwiwa biyu, a kan siminti, farar riga tana sharar ƙasa. Abin ya ba ni tausayi, ba zan ɓoye ba.

"Kawu, don Allah ka yi haƙuri. Wallahi ban san kai ba ne. Na ga ba ka motsi, na zaci babu rai."

Kawu Ilu ya laluba hularsa, ya karkaɗe ta, ya sa a kai. Ya zura ƙafa cikin takalmi, ya dafa kafaɗata ya miƙe. Sai da ya kai bakin ƙofa sannan ya waiwayo.

"Da ka yi sallama, ai da na amsa."